BAƘO YA NEMI MUDUN GARIN DA YA SAUKA

 

Mutanen ƙasar Gobir ba baƙin tafiya ba ne. Tun zamanin da Alƙalawa ke babban birni, kafin faɗuwarta a 1808, fatake ke ratsa wannan ƙasa da jakuna da raƙuma, kuma daga cikin kakanninmu akwai waɗanda suka taka da ƙafa ta Borno da Sudan har Makka, wasu suka dawo, wasu suka zaune can. A yau ma tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai dalilanta sun ƙaru. Akwai ɗan Turba ko Isa da ke karatu a Madina ko Alƙahira, akwai ma'aikacin gwamnati da aka tura kwas Ingila, akwai ma'aikaciyar jinya da ta sami aiki a can, akwai mai neman abinci a Jidda. Sa'an nan tun daga 2019 rashin zaman lafiya ya kori dubban jama'a daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Dukan waɗannan bayin Allah dole su ci abinci, kuma dole su saye shi a kasuwar da ba su tashi a cikinta ba.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana a kan wannan shi ne, kuɗin da ke hannun ɗan'uwanmu na waje ba nasa ne shi kaɗai ba. A bayansa akwai tsohuwa da ke jiran kuɗin magani, da ƙanne da ke jiran kuɗin makaranta, da gidan da bai sami damar yin noma ba saboda gonarsa tana bakin daji. Duk fam ɗaya ko riyal goma da ya zube a babban kanti ba gaira ba dalili, daga bakin waɗannan aka cire shi.

WANDA YA MIƘA WUYA GA MAI SAYARWA

Malaman fiƙihu sun san wannan baƙo tun da daɗewa, har sun ba shi suna. Suna kiransa mustarsil, watau mai saye wanda bai san farashi ba, bai iya tayi ba, ya miƙa wuya ga mai kaya ya ce a sayar masa yadda ake sayar wa mutane. A mazhabar Maliku, idan mai kaya ya yi wa irin wannan mutum ƙarya game da farashin gari, to yana da ikon warware cinikin. Alƙali Ibn Asim na Garnaɗa, mai littafin Tuhfatul Hukkam wanda alƙalan ƙasarmu suka daɗe suna aiki da shi, ya kawo sharuɗɗa uku ga mai ƙarar cewa an ƙware shi: kada shekara ta wuce, ya zama ya jahilci farashi, kuma ƙwarar ta kai sulusin kuɗi ko ta fi. An kuma ruwaito labarin sahabin nan Habbanu ɗan Munƙizu, wanda aka riƙa ƙwara a kasuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya masa ya riƙa gindaya sharaɗin rashin yaudara a duk cinikin da zai yi.

To, a kasuwanninmu baƙo yana da garkuwa. Idan ya je Shinkafi ko Sabon Birni yana da mai masauki, yana da dillali, yana iya kewaya rumfa biyar kafin ya taya, a ce masa albarka ya wuce gaba. Yana ganin mudu da idonsa, yana tsoma hannu cikin gero, yana neman gyara. Ko da ya tsallaka Maraɗi harshe ɗaya ne, amma can ma sai ya yi hattara, domin lissafin kuɗinsu da dala ake yinsa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai kaya ya ce "ɗari" yana nufin sefa 500, idan ya ce "jaka" yana nufin sefa 1,000, alhali kuwa jaka a wajenmu naira 200 ce. Manyanmu suna tune da ruɗanin da aka yi a 1973 sa'ad da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, har aka daɗe ana ƙwarar mutanen ƙauye wajen canji. Wanda bai san ma'aunin gari ba, ko yana da wayo, yaro ne a kasuwarsa.

A babban kanti na zamani kuwa, irin su Panda da Bin Dawood a Saudiyya, ko Tesco da Asda a Ingila, ko Carrefour a Faransa, babu dillali, babu tayi, babu wanda za a ce wa ya rage. Takarda ce liƙe a jikin kanta, ita ce mai kaya, ita ce dillali. Saboda haka duk wanda ya shiga ya ɗauki kaya bisa abin da babbar takarda ta faɗa masa, ya zama mustarsil da yardarsa. Abin da zai fid da shi daga wannan matsayi guda ɗaya ne: ya san mudun wurin. Mudun babban kanti kuwa shi ne kilo da lita.

DABARU HUƊU DA YA KAMATA A SANI

Dabara ta farko ita ce tsohon farashi na ƙarya. Za ka ga an rubuta wani adadi an ja masa layi, an rubuta ƙarami a ƙarƙashinsa da jan rubutu. Ga misali: kayan da aka yi wata goma ana sayarwa fam 4, sai a ɗaga shi zuwa fam 6 na 'yan makonni, sa'an nan a sauko da shi fam 4 da rabi a ce an yi rangwame. Wanda ya daɗe a gari ya san ƙari aka yi. Baƙon da ya sauka jiya kuwa murna zai yi, yana ganin ya tsinci fam ɗaya da rabi. Wannan ba zato ba ne kawai. A watan Satumba na 2024 hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta kai manyan kantunan ƙasar guda biyu, Coles da Woolworths, gaban kotu, tana zarginsu da irin wannan aiki a kan ɗaruruwan kayayyaki. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma, tun daga 2022, sun wajabta cewa duk wanda ya yi shelar rangwame ya auna shi da mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata. A Saudiyya sai kanti ya karɓi izini daga Ma'aikatar Ciniki kafin ya yi shelar ragi, kuma ya nuna farashin da da na yanzu.

A shari'a wannan ɗan'uwan najashu ne, watau mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi waninsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta lissafa talla mai ƙarya, wadda ke kambama siffar kaya ko farashinsa don jan mai saye, a cikin sababbin nau'o'in najashu da aka hana.

Dabara ta biyu ita ce tauye mudu ba tare da an taɓa farashi ba. Kwali yana nan yadda ka san shi, kuɗi yana nan, amma abin da ke ciki ya ragu. A 2016 masu yin cakulan Toblerone suka rage wanda suke sayarwa a Ingila daga giram 170 zuwa 150, babban kuma daga 400 zuwa 360, ta hanyar faɗaɗa gibin da ke tsakanin tsinkayensa. Idan aka mai da ƙunshin giram 500 ya zama 450 a kan kuɗi ɗaya, an ƙara maka kashi 11 cikin ɗari ke nan ba ka sani ba. Abin ya yawaita har gwamnatin Faransa, daga 1 ga Yuli 2024, ta tilasta wa manyan kantuna su liƙa sanarwa ta wata biyu a gaban duk kayan da aka rage masa nauyi kuɗinsa bai ragu ba. Mu da muka karanta Suratul Muɗaffifina, muka kuma san labarin mutanen Annabi Shu'aibu da aka halaka saboda tauye awo, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Gaskiya ne an rubuta sabon nauyin a jikin kwali, saboda haka ba za a ce ƙarya ce tsagwaronta ba, amma an dogara ne da cewa mai saye ba zai karanta ba. To, ka karanta.

Dabara ta uku ita ce "sayi biyu a ba ka na uku kyauta", da 'yan'uwanta. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan abu fam 2 ne, guda ɗaya kake bukata, ka ɗauki uku a fam 4, abin da ya tabbata shi ne fam 2 sun fita daga aljihunka fiye da niyyarka. In sabulu ne ko shinkafa, waɗanda ba sa lalacewa kuma dole za ka saye su gaba, ka ci riba. In kuwa madara ce ko burodi ko 'ya'yan itace, kai kuma gwauro ne a ɗaki ɗaya, na ukun a kwandon shara zai ƙare, ka haɗa asara da almubazzaranci. A 2015 ƙungiyar masu saye ta Ingila mai suna Which? ta kai kuka ga hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar a kan irin waɗannan tallace-tallace, hukumar ta bincika ta ce lalle akwai wuraren da ake iya ruɗar mutane. A 2016 kantin Sainsbury's ya ba da sanarwar daina yawancinsu.

Dabara ta huɗu ita ce bambanta girman ƙunshi domin a hana kwatantawa. Mun saba da cewa sari ya fi sauƙi, watau babban ƙunshi ya fi araha. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba. Ga lissafi: shinkafa kilo 5 a fam 8, kowane kilo ya tashi fam 1.60. Kusa da ita ga kilo 2 a fam 3.50 da babbar takardar rangwame, kowane kilo ya tashi fam 1.75. Mai takardar ita ce mai tsada. Haka man girki lita 1.8 a riyal 18, lita ta tashi riyal 10. Na lita 1.5 da aka ce an yi wa ragi zuwa riyal 16, lita ta haura riyal 10 da rabi. A Ingila doka ta 2004 ta wajabta wa manyan kantuna su rubuta farashin kilo ko lita a jikin takardar kanta. Yana nan da ƙananan baƙaƙe a ƙasan takardar. Wannan ɗan ƙaramin rubutu shi ne mudun. Inda ba a rubuta ba, wayar da ke aljihunka tana lissafi: raba kuɗi da nauyi.

SAURAN WURAREN TUNTUƁE

Akwai bambanci tsakanin farashin kanta da na wurin biya. Wannan ko a gida ya faru: a watan Fabrairu na 2024 hukumar kare masu saye ta tarayya ta rufe reshen kantin Sahad da ke Garki a Abuja, bisa zargin cewa abin da aka rubuta a kanta bai kai abin da ake karɓa a wurin biya ba, daga baya aka daidaita aka buɗe shi. Saboda haka kada mutum ya bar bakin kanti sai ya duba rasit. A Ingila da Saudiyya farashin da aka rubuta ya haɗa da haraji, ko da yake a Saudiyya harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a watan Yuli na 2020. A yawancin jihohin Amurka kuwa, inda haraji ya hau kan kaya, sai a wurin biya ake ɗora shi. Akwai kuma farashi biyu a kan kaya ɗaya, na mai katin kanti da na wanda ba shi da shi. Baƙo yakan ga ƙaramin ya ɗauka, alhali ba nasa ba ne sai ya yi rajista.

Haka nan a lura da tsarin kantin kansa. Kayan da suka fi kawo wa kanti riba a daidai ido ake jera su, masu araha kuwa sai an sunkuya. Madara da burodi sukan kasance can ƙurya, domin mai nemansu ya ratsa dukan layuka. Farashin 4.99 biyar ne saura kwabo, amma ido huɗu yake fara gani. Kaza mai ƙanƙara a duba ko an rubuta cewa an ƙara mata ruwa, domin sayen ruwa a farashin nama shi ne zancen akuyar da ake ƙin tatsa kwana biyu don hantsarta ta cika a kasuwa, abin da Manzon Allah ya hana, ya kuma bai wa mai saye zaɓin mayarwa. Sa'an nan araha ba ta halatta haram. A ƙasashen da Musulmi ba su da rinjaye, a karanta abin da aka haɗa kaya da shi kafin a dubi kuɗinsa, musamman nama da alewa da kayan zaƙi, inda kitsen alade ko giya kan shiga.

Mafi haɗari duka shi ne bashi. Za a miƙa maka katin bashi, ko a ce ɗauki yanzu ka biya daga baya. Sayar da kaya bashi a kan farashin da aka yanke tun farko halal ne. Amma duk ƙarin da za a ɗora wa bashi saboda an jinkirta biya, riba ce, babu saɓani a kan haramcinta. Wanda ya ci rangwamen kashi 10 da katin da zai biya wa ruwa wata da watanni, ya yi asarar duniya, ya kuma jawo wa kansa ta lahira.

ADALCI GA MASU KANTI

Ba ya halatta mu tuhumi kowa da kowa, domin Musulunci ya umurce mu da adalci ko ga wanda ba addininmu ɗaya ba. Da yawa daga cikin rangwamen nan na gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Ingila ta bayyana cewa ta duba kayayyaki kusan 50,000 da ake sayarwa da farashin masu kati, ta sami kashi 92 cikin ɗari ragi ne na haƙiƙa idan aka gwada da farashin da kantin ya saba, ko da yake ta ce wani kantin yana iya fin wannan araha. Kayan da ke ɗauke da sunan kantin kansa sau da yawa sun fi araha, ingancinsu kuma ba laifi. Kayan da ake karya wa farashi da yamma saboda kwanansu ya kusa, halal ne kuma riba ce ga wanda zai dafa a daren. A nan a rarrabe tsakanin kwanan wata iri biyu: wanda ke cewa a yi amfani da abu kafin rana kaza, wannan na lafiya ne, kamar a nama da kifi, ba a ƙetare shi, wanda ke cewa abu ya fi daɗi kafin rana kaza, wannan na inganci ne, kamar a taliya da biskit.

Kuma wanda ba ya son a cuce shi, kada ya cuci wani. A kantunan da mutum ke lissafa wa kansa kaya a na'ura ba mai kallonsa, Allah Yana kallo. Sanya tufa a je biki sa'an nan a mai da ita a karɓi kuɗi ha'inci ne. Wanda ya shiga ƙasa da biza ya shiga da amana, dukiyar mutanenta haram ce gare shi sai da haƙƙi.

NASIHA A TAƘAICE

Sabon zuwa ya yi watansa na farko yana koyon farashi. Ya rubuta kayayyaki goma da gidansa ba ya rabuwa da su, kamar shinkafa da mai da sukari da albasa da madara, ya san farashin kilo ko litar kowanne a kantuna biyu ko uku. Ya tambayi 'yan'uwa da suka riga shi zuwa, a masallaci ko a unguwa, domin matambayi ba ya ɓata. Su ne masu masaukinsa, su ne dillalansa. Shinkafa da kayan yaji da gari sukan fi sauƙi a shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya, kuma gida uku suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba. Ya rubuta bukatarsa tun daga gida, kada ya shiga kanti da yunwa, musamman mai azumi bayan la'asar, domin a watan Ramadan ne tallace-tallace suka fi yawa, ido kuma ya fi ciki girma. Idan ya tabbata an ruɗe shi, ya koma da rasit ya nemi haƙƙinsa cikin ladabi, in an ƙi ya kai ƙara ga hukumar da ke kula da wannan. Aikin da waɗannan hukumomi ke yi shi ne aikin muhtasibi, wanda Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na ƙasar Tunis, ya rubuta littafin Ahkamus Suƙ a kansa fiye da shekara dubu da suka wuce.

Daga ƙarshe muna juyowa ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na gida, kada su ji muna zancen Turawa da Larabawa su ɗauka su an tsallake su. Wanda ya buga gindin tiya ya lotsa ta, da wanda ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, da wanda ke tsame kwano biyu daga buhu ya sake ɗinkewa, da wanda ke juye shinkafar gida a buhun ta waje, da wanda ke jera manyan tumatir a saman kwando, duk aikinsu ɗaya ne da mai jan layi a kan farashin ƙarya. Manzon Allah ya tsoma hannunsa mai albarka a tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya kuma barranta daga duk mai algus. Yau a Isa da Sabon Birni akwai mutanen ƙauye da suka baro rumbunansu, waɗanda ba su taɓa awo ba sai yanzu. Su ma baƙi ne a kasuwa, kuma cutarsu ta fi kowace muni.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya sa albarka a neman su, Ya mayar da zaman lafiya ƙasarmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani ko tozarta abin da Ya ba mu. Amin.